Gansakukar Malama

A shekarun da kuɗin mai ya sauko, soja na kan mulki, muna haya a unguwar Gidan Dahala. Mijina yana aiki a kamfanin siminti na Kalambaina, ni kuwa ina amarya, mai ganin babu macen da ta kai ni tsafta a Sakkwato.

Maƙwabciyata malamar makaranta ce, Kirista daga ƙasar Filato, ta girme ni. Tana da akwatin gilashi da ƙananan kifaye uku da wani dutse a ciki, gansakuka ta lulluɓe shi. Sai daga baya na san daga kan kabarin ɗanta ta ɗauko dutsen. Shekara huɗu tana rayar da wannan kore a zafin garinmu, tana kai shi inuwa, tana sauya masa ruwa. Ni dai da na gani na ce a raina, ilimin boko bai hana ƙazanta ba. A gidanmu randa ta yi kore, sai an yi wa mace gori.

Da hutu ya zo ta tafi gida, ta bar mini makulli in riƙa ba kifayen abinci. Ina sonta ƙwarai, shi ya sa na ce bari in yi mata abin kirki. Na kwashe kifayen a roba, na samo toka da soso, na dirje dutsen har ya yi fari. Ruwan wankin na watsa a juji.

Ranar da ta dawo, ni na ja hannunta zuwa ɗakin.

"Malama, kin ga yadda na gyara maki shi? Ya koma awa sabo."

Ta daɗe tana kallon dutsen, jakarta a kafaɗa.

"Ƙanwata, ina kika zuba ruwan?"

Na nuna mata. Ta ce ta gode. Da ta zage ni, da na fi samun sauƙi.

Da azahar na leƙa bayan gida. Ga Malama durƙushe a kan juji da kayan tafiyarta, tana tonon ƙasa da cokali, tana ɗaga kowane ɓurɓushi ta duba. Kwana goma sha biyu ke nan da zubarwar, rana ta gama aikinta. Na ɗauko nawa cokalin na durƙusa gefenta. Nan ta faɗa mini sunan yaron.