Shirun Da Na Yi A Kan Gadon Tiyata

Assalamu alaikum. Tun bayan ƙaramar sallah ban ce komai a nan ba. Masu tambaya ko na rufe shagona na kasuwar Adawlato, ban rufe ba, kwance nake.

Da jini abin ya fara, al'ada ta ƙi tsayawa. Na ɗauke shi wasa har na fara haki in na ɗaga bandir ɗin atamfa. Hoton ciki ya nuna ƙari a mahaifa. Aka gwada jini, aka gwada zuciya, aka ce sai tiyata. Yayana Sani ya sayi duk abin da aka rubuta, har auduga.

Da safen ranar, Gwaggo Hajara, wadda ta raine ni, ta kama hannuna. "Ke dai kar ki ba mu kunya. Matan gidanmu ba sa raki."

Allurar baya aka yi mini, mai kashe jiki daga ciki zuwa ƙafa, mutum yana ido biyu. Likitar da ta yi allurar ta ce, "Madame, in kin ji jiri ko tashin zuciya, ki faɗa nan take."

Na ji duka biyun. Na yi shiru.

Akwai na'ura a gefen kaina tana ƙara daidai da bugun zuciyata. Ina jin ƙarar tana ja baya. Gumi mai sanyi ya rufe ni.

"Ça va?" in ji likitar da Faransanci, wato lafiya dai?

Na ce, "Ça va."

Ban ji tsoro ba. Ko 'ya'yana ban tuna ba. Ina kallon silin kamar mai jiran mota a tasha.

Ba ta sake tambayata ba. Ta zuƙo magani ta tura a robar ruwan da ke hannuna, ƙarar ta dawo da sauri. Daga baya ta ce allurar kan rage bugun zuciya, kuma nawa saura kaɗan ya tsaya. "Da kin yi magana, da ban bari ya kai nan ba."

Na warke, alhamdulillahi. Ana ce mini barka, ina amsawa, amma murnar ba ta iso ni ba tukuna. Gwaggo kuwa duk wanda ya zo dubiya sai ta ce masa ko uffan ban ce ba. Na kasa gaya mata cewa shirun nan ya kusa kashe ni.

In za a yi muku wannan allurar, ku faɗi duk maganin da kuke sha. In kun ji wani abu, ku buɗe baki, ko da za a ce kun cika raki.

Na gode wa Allah, na gode wa Sani da ku masu addu'a. Na kuma gode wa matar nan da na ce mata lafiya lau, ta ƙi yarda da ni.