Fankar Zauren Malam Haliru

Ranar da aka kunna fanka a zauren Malam Haliru ba ta taɓa fita daga raina ba. Har yau ina ganinta kamar jiya aka yi, ko da yake gemuna ya yi fari kuma na daɗe da yin ritaya. Ku da kuke zuwa rumfata a Gidan Igwai kuna yi mini dariya, wai Baba Arzika ya tara tsofaffin fankoki kamar mai shirin buɗe kanti, ku gyara zama ku ji. Gaskiya ne ina tara su. Ta Ingila da nauyinta nake gane ta, ta Indiya da siraran fuka-fukanta, ta Japan kuwa ko idona a rufe in aka kunna ta zan faɗa muku, don ba ta da hayaniya. Waccan mai ruwan ƙasa da ke rataye a tsakiya, wadda ba na barin kowa ya taɓa, ita ce ta kusa raba ni da abincina. Bayan rasuwar Malam iyalinsa suka ba ni ita.

Lokacin kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, soja ke mulki. Duk wanda aka ja wa wuta gidansa a Sakkwato, abin da yake fara nema fanka ce, kuma wanda ya san zafin garinmu da bazara ba zai ga laifinsa ba. Ni ina ƙaramin ma'aikacin wuta a sashen da ke gyaran gidajen gwamnati. Tsarin aikinmu shi ne, injiniya ya ba heluma umarni, wato shugaban masu aikin hannu, heluma kuma ya ba mu. Sama da injiniya akwai wani Manjo da aka ɗora ya sa ido a kan sashen duka. A wannan shekarar ake ta korar ma'aikata. Manya a rediyo suke jin sunansu, mu ƙanana kuwa kalma ɗaya daga bakin mai kaki ta isa, babu wanda zai tambayi dalili. Ga matata da tsohon ciki, ga tsohuwata a hannuna, ba ni da gona ba ni da jari.

Wata safiya helumanmu, Sambo, ya kira ni ya nuna mini wani ƙaton kwali.

"Arzika, ɗauki kayan aikinka. Manjo yab ba da hwanka a kai ma malaminai, Malam Haliru, can cikin gari. Hannunai yay yi karatu tun shina ƙarami. Jibi shina zuwa da kainai shi kunna ta. Kak ka ba ni kunya."

Da na isa gidan na ɗaga kai na dubi rufin zauren, sai na ga akwai matsala. Ginin ƙasa ne, rufin azara, ya girmi mahaifina. Fankar kuwa irin ta Ingila ce, ƙarfe zalla, da ƙyar mutum ɗaya yake ɗaga ta. Wurin zaman Malam kuma daidai tsakiya, ƙarƙashin inda za ta sauka. Na ce a raina, in wannan abu ya tsinke ya faɗo a kan malami irin wannan, ba kora ba, ko garin ba zan iya zama ba.

Ban yarda na rataya ta a azara ba. Na samo bututun ƙarfe mai kauri, na huda bango nan da can, na gitta shi, na cike da siminti. Washegari da ya kama, na maƙale a jikinsa da hannu biyu ina lilo kamar biri, bai motsa ba. Sannan na ɗaura fankar, na ja waya, na kafa makunninta a bango, abin da muke kira regileta. Na gwada ta lokacin da Malam ya tafi masallaci, zaure ba kowa, littattafai duk a naɗe cikin gafakokinsu an jera a gefe. Ta yi gudu lafiya lau, ba girgiza ba kuka.

Abu guda dai na lura da shi. Fankokin da ke bariki da ofisoshi, in ka murɗa regileta sau ɗaya a hankali suke farawa, sai ka yi ta ƙarawa. Wannan kuwa akasin haka take. Murɗar farko ita ce ƙarshen gudu, daga nan ake ragewa. Na koma na gaya wa Sambo.

"Heluma, a gaya ma Manjo, regiletag ga ba irin ta bariki ba ta. Da an taɓa ta, da ƙarhi taka tashi."

Ya dube ni a ɗage. "Kai aikinka haɗawa. Magana da manya tawa ta. In munka tai, ka tsaya bakin ƙohwa, kak ka buɗe baki."

Ranar da hantsi muka je. Zaure ya cika da masu ɗaukar karatu, magidanta ne duka, 'yan kasuwa da dattawan unguwa, kowa da littafinsa a gabansa. Malam yana kan buzunsa, siririn tsoho mai sanyin murya, yana fifita da mafici. Motar soja ta tsaya, Manjo ya fito, ya cire takalma a waje, ya shiga ya durƙusa ya kwashi gaisuwa. Ni ina bakin ƙofa bayan Sambo, idona a sama, ina ta duban bututu da noti ina addu'a.

Can na sauke ido ƙasa, sai na ga abin da ya kamata in gani tun farko. Ku yaran yanzu kun saba da littafi mai ɗinki. Littattafan malamanmu na da ba haka suke ba. Warƙoƙi ne a sake, rubutun hannu, ba ɗinki ba lambar shafi. Ana tara su ne tsakanin bangon fata a ɗaure da igiya a sa a gafaka. In za a yi karatu sai a kwance, malami ya ɗauki warƙa ya karanta ya kife ta a gefe, ya ɗauki ta gaba. Wanda ke gaban Malam ran nan littafin fiƙihu ne da kakansa ya rubuta da hannunsa, takardar ta tsufa ta yi sharara kamar ɓawon albasa. Yana nan a buɗe, kashi biyu, daidai ƙarƙashin fuka-fukan.

Na ja hannun rigar Sambo. "Heluma, warƙoƙi! Ka gaya mishi zancen regileta?"

Ya fizge hannunsa. "Yi mani shiru."

Za ku ce me ya hana ni ɗaga murya. A Sakkwaton wancan lokaci ƙaramin mutum ba ya ɗaga murya a zauren malami, balle ga soja a tsaye. An yi mana tarbiyya a kan haka har ta zame mana jiki. Ina cikin jayayya da bakina, Manjo ya riga ya kai hannu bango.

"Allah gafarta Malam, kaɗan za ni buɗe ta, ka ji sanyinta."

Ƙas, ya murɗa sau ɗaya. Fanka mai nauyi ba ta tashi nan take, don haka da farko a hankali ta fara juyi, dattawa suka ɗaga kai suna "Masha Allah". Manjo har ya yi murmushi. Sai ta ɗauki gudu. Warƙar sama ta ɗaga, ta biyu ta bi ta, kafin a ce wani abu zaure ya cika da takardu suna tashi, na Malam da na ɗalibai duk sun cakuɗe. Wani ya kife a kan littafinsa, wani ya riƙe rawani. Manjo ya mai da makunni ya kashe, amma irin wannan fankar ko an kashe ta sai ta daɗe tana juyi. Muna kallo wata warƙa ta hau sama, fiffike ya same ta, muka ji fyat.

Malam bai tashi ba. Ya ce, "Kowa shi tsaya inda yake. Kak a taka komi. A saki asabari."

Aka rufe ƙofa aka shiga tsinta. Manjo da kakinsa yana rarrafe a ƙasa, ni ma ina tsinta. Aka fara ware rubutun kakan Malam daga na sauran, sannan aka zauna jerawa. Masu rubutun da suna sa kalmar farko ta warƙa mai zuwa a ƙasan wadda ta gabace ta, da wannan ake gane wadda ke bin wata. Malam ya karanta kalma, mutane su duba abin da ke hannunsu, wanda ya samu ya miƙa. Haka aka yi ta yi cikin zafi, gumi na zuba, ga fanka a sama ba mai ko kallonta. Ni kuwa duk warƙar da aka miƙa sai in ji kamar kwanakin aikina ake ƙirgawa. Ba a gama ba sai da aka kira azahar.

Littafi ya cika, ban da warƙa guda. Aka ajiye ta gaban Malam gida biyu, tsakiyarta ya ɗan gutsure, layi ɗaya ya tafi. Ya daɗe yana dubanta. Fuskar Manjo ta canza, kunya ta koma fushi, kuma na san fushin babba ba ya tsayawa sai ya sami ƙarami.

"Wa yah haɗa ta?"

Sambo ya matsa gefe, ya bar ni a fili. "Ga shi nan, Yallaɓai. Arzika sunanai."

"Ka san haka take, ba ka hwaɗi ba?"

Na dubi Sambo, shi kuma ya dubi tabarma. In na ce na gaya masa, zai ƙaryata ni, kuma maganarsa za a ɗauka. In na yi shiru, na amsa laifi.

"Gobe da sahe ka iske ni ohis," in ji Manjo. Duk wanda ke aiki a lokacin ya san ma'anar wannan. Ba abin da ya zo mini a rai sai fuskar tsohuwata in na shiga gida na gaya mata.

Sai Malam ya ɗaga kai ya yafuto ni. "Ɗan nan, matso. Ɗan wane gida kake?"

Na durƙusa na faɗa masa sunan mahaifina da unguwarmu. Ya gyaɗa kai.

"Kai kar rataya ta?"

"Ni na, Allah gafarta Malam."

"Ba ta hwaɗo mani bisa kai?"

"Ba ta hwaɗowa, Malam, in dai ana duba ta."

Ya juya ga Manjo, muryarsa a sanyaye kamar yadda yake karatu. "To ka ji. Na amshi kyautarka, Allah shi yi ma albarka. Amma ni tsoho na, ina tsoron ƙarhe bisa kaina. Wanda yar rataya ta shi yas san ta. Shi nika so shi riƙa zuwa duk wata shi duba mani ita, ba wani ba. Randa anka canza mani shi, a zo a kwance ta a mai da ma."

A mai da wa mutum kyautar da ya ba malaminsa, a gaban jama'a, a garin nan, Manjo ya san abin da za a daɗe ana faɗa ke nan. Ya sunkuyar da kai.

"An gama, Malam."

Da ya fito sa takalma ya wuce ni ba tare da ya dube ni ba, ya ce, "Ka ji abin da Malam yac ce. Ba sai ka zo ohis ba." Na zauna a dakalin ƙofar gida sai da motar ta ɓace. Duk da haka na yi watanni in masinja ya shigo wurin aikinmu sai in zaci takardar korata ya kawo.

Daga nan duk wata nake ɗaukar tsani in je. In hau, in taɓa noti, in duba giris, in sauko, Malam ya sa mini albarka. Warƙar da ta yage ya sake rubuta ta da hannunsa, ya ajiye guntayen biyu a bayanta. Ban jima ina zuwa ba na lura giris ɗin da na sa yana nan yadda na bar shi, gizo-gizo ya yi saƙa daga fiffike zuwa bututu, har zanzaro ya gina ɗakinsa a jikin injin. Ashe tun ranar nan ba a sake kunna ta ba.

Na ce, "Allah gafarta Malam, ai ba a kunna ta."

Ya ci gaba da fifita da maficinsa. "Kai dai duba ta."

Bayan wani lokaci aka yi wa Manjo canjin wurin aiki, ya bar Sakkwato. Na je da murna na gaya wa Malam, na ce yanzu in yana so sai in kwance masa ita ya huta da ganinta. Ya dube ni ta ƙasan ido.

"Helumanku hwa? Shina nan ko?"

Na ce yana nan.

"To bar ta."

Nan na gane ba abin da bai gani ba ran nan, har jan hannun rigar da na yi a bakin ƙofa.

Abin da na koya a sana'a ke nan, kuma shi nake gaya wa duk wanda ya zauna hannuna. Kafin ka ɗaga kai ka dubi rufi, dubi ƙasa, ka tambayi masu ɗaki me suke yi a cikinsa. In kuma ka san wani abu game da aikin hannunka, ka tabbata ya shiga kunnen wanda zai taɓa shi, ko da za a ce ba ka da kunya. Game da mutane kuwa, a zauren nan mutum ɗaya ne ya yi asara, rubutun kakansa ya yage a gaban idonsa, kuma shi kaɗai ne ya tuna cewa ina da iyali. Bai taɓa son fankar nan ba. Ya zauna a ƙarƙashinta yana gumi har ƙarshen ransa don kada a kore ni.