Kawuna da Jirgi Mai Farfela Ɗaya

Shekarun baya, ina sabon ma'aikaci a gidan rediyo, na je hutu ƙauyenmu da ke bakin ruwan Tiga, inda aka tsugunar da iyayenmu bayan dam ya cinye tsohon gari. Tsakiyar damina ce. Ina can sai ƙabar da kawuna ya daɗe yana fama da ita ta murɗe. Malamin asibiti ya duba shi, ya ce sai Kano, kuma a ranar, domin aiki za a yi masa. Ga shi ruwa ya yanke hanyar da ke fitar da mu bakin titi, mota ba ta shiga ba ta fita.

Akwai wata babbar gona kusa da mu mai ɗan filin jirgin sama da aka daɓe da marmara. Manajan ya ce ƙaramin jirgin mai gonar zai zo da hantsi ya ɗauki injiniyansu, kuma akwai wurin mutum biyu. Muka kai Kawu a amalanken shanu.

Jirgin ya sauka lafiya. Amma da ya juyo yana tahowa wajenmu, sai farfelar hagu ta dinga rage gudu har ta tsaya cak, ta dama kaɗai ke juyawa. Haka ya lallaɓo ya tsaya, ɗaya na ruri, ɗaya shiru.

Kawu ya ɗago kai daga amalanke, ya ce, "Kai, wannan ai shi ma asibitin yake nema. Ku mai da ni gida."

Na ce, "Haba Kawu, ai haka ake yi." Gaskiya ban san ko haka ake yi ba. Na sha karanta labarin jirage a rediyo, amma ban taɓa tsayawa kusa da ɗaya ba.

Mataimakin matuƙin ya sauko, wani saurayi mai fara'a. Ya durƙusa ya gaida Kawu, sai ɗaga murya yake saboda ƙarar injin. Na tambaye shi me ya sami ta hagun. Ya ce ba abin da ya same ta, su suka kashe ta. A ƙasa inji ɗaya ya isa ya ja jirgi, kuma ana samun sauƙin mai. Ƙofa kuma a hagu take, ba a barin mutum ya matso farfela na juyawa. Na ce to me ya hana su kashe duka biyun? Ya ce a fili irin wannan babu na'urar tayar da jirgi. In batir ya ba su kunya sun kwana a nan, shi ya sa ake barin ɗaya a kunne, ita za ta taimaka a ta da 'yar'uwarta.

Ni dai bayanin ya shige ni, har ina son ƙarin tambaya. Kawu kuwa cewa ya yi, "Malam direba, ka taɓa ganin an yi huɗa da sa ɗaya?"

"Baba, ba a yi. Amma sa ɗaya yana iya jan garma zuwa gona. Sai mun je bakin fili za mu ɗaura na biyun."

"To ɗaura shi yanzu in gani, sai in shiga."

"In na tayar da ita, Baba, ba ka da hanyar shiga."

Nan magana ta tsaya. Kawu ba zai shiga ba sai ta juya, ita kuma ba za ta juya ba sai ya shiga. Gumi na keto masa, ya riƙe mara, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas.

Saurayin ne ya samo mafita. Ya ce a zaunar da Kawu a tagar hagu, daidai farfelar. In an kai ƙarshen fili ba ta tashi ba, shi da kansa zai buɗe ƙofa ya sauke shi. Kawu ya sa shi ya maimaita a gaban mutane, sannan ya yarda aka ɗauke shi.

Muka fara tafiya a ƙasa da inji ɗaya, goshin Kawu a jikin gilashi. Da muka kai ƙarshen fili jirgin ya tsaya, Kawu ya ƙwala kira, "To, direba, ga mu a gonar!" Sai farfelar ta motsa, sannu sannu, har ta ɓace wa ido. Ya sauke ajiyar zuciya, ya ce, "Bismillahi. Mu tafi."

Kafin la'asar an yi masa aiki. Likita ya ce da mun ƙara jinkiri da hanjin ya lalace.

Daga baya na tambayi matuƙa da dama, suka ce wasu jiragen an yarda su yi tafiyar ƙasa da inji ɗaya, wasu ba a yarda ba, kowanne da ƙa'idarsa. Abin da na riƙe shi ne, bayani komai kyawunsa bai isa mai jin tsoro ba, sai an ba shi inda zai zauna ya gani da idonsa.

Kawu ya yi shekaru masu yawa bayan nan. Har ya rasu, in ya zauna cikin masunta, labarinsa ɗaya ne: wai da inji ɗaya yaran nan suka so su tashi da shi, shi ya tsaya musu sai da suka gyara na biyun. Yakan juyo ya ce, "Ga ɗan rediyo nan, ku tambaye shi." Ni kuwa sai in ce, "Ƙwarai, Kawu, sai da ta juya muka tashi."