Muryarta a Kwamfutar Maigida

'Yar farina ta rasu tana da shekara biyu. A wajenmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle a gan ta tana kallon hotonsa. Abin da ya rage mini nata bidiyo ɗaya ne a kwamfutar maigidana, malamin lekol, wato makarantar boko, a ƙauyenmu kusa da Gangara. A ciki tana bin ɗan akuya, ta faɗi, ta juyo ta ce, "Inna."

Ban yi karatu mai nisa ba, amma na haddace inda yake dannawa. In ya fita sai in ɗora ta kan katifa, in ja bargo in rufe mu, kada surukata ta ji daga tsakar gida inda take sheƙe gero.

Da lokacin kaka ya zo, kwamfutar ta fara zafi. Ta yi ta huci kamar mai ciwon ƙirji, sai ta ɗauke. Da farko sai an ce "Inna" take ɗaukewa, daga baya tun yarinyar ba ta faɗi ba. Na yi mata fifita da faifai. Na jiƙa tsumma na ɗora mata, yadda na ɗora wa yarinyar a goshi.

Ran kasuwar Tanout maigida ya kai ta gyara, na bi shi wai zan kai goyona awo. Mai gyara ya kwance bayanta, ya zaro dunƙulen ƙaiƙayi da gashin bargo daga fanka, ya juya wajen maigida.

"Mushe, rumbu ka mai da ita? Wa ke ɗora ta kan bargo? Ai ta ƙasa take shan iska."

Maigida ya dube ni, na dubi ƙasa.

Mutumin ya hure ta, ya share da ɗan burushi, ya kunna. Fanka ta juya sumul, allo kuwa baƙi ƙirin.

"Har ruwa ya shige ta. Sai Damagaram, can ma ban yi alkawari ba. Akwai abin da ake so a ciki?"

"Takardun lekol ne, ina da kwafinsu," in ji maigida. Ya sake dubana, ya ɗan jira.

Rumfar cike take da mutane. Na buɗe baki, sai na gyara goyo.

A mota na yi ta nemo muryar a raina. Kukan ɗan akuyan ina jin sa sarai. Nata kiran ne na rasa yadda take jan ƙarshensa.