Raƙumin Sule

Shekarar da Turawa suka kwashi su babanmu zuwa aikin kuza a Jos, damina ta yi gardama, haraji kuma ya cinye ɗan abin da ke rumbu. Muna ƙauyenmu Karare, ni da ƙanena Sule da kakarmu Iya Tabawa. Yunwa ta kumbura Sule, ko tsakar gida ba ya iya ƙetarewa. Hannunsa kaɗai ke da sauran kuzari, yana haɗa raƙumi da karan dawa.

Bayan magariba Iya kan hura wuta ko da babu abin ɗorawa, ta ce, "Ga ta nan, ku matso ta iske ku." Tatsuniyar ɗaya ce kullum. Wai Mutuwa ta zo ɗaukar wata yarinya, ta tarar tana soka ƙaya a ƙwallon goruba. Ta ce, "Ke, mi kike haɗawa?" Yarinya ta ce, "Tsaya in gama ki gani." Mutuwa, da shegen son ganin ƙwaf, ta nemi wuri ta zauna. Yau yarinya ta liƙa gashin zabuwa da ƙaro, gobe ɓawon gyaɗa, jibi ƙashin kifi.

In na tambayi ƙarshenta, sai Iya ta ce, "Kai, rufe mani baki! Wa ya ce maka ta gama?"

Da safe in ta je tsinkar tafasa, sai ta dawo wa Sule da tarkace a haɓar zani. Wallahi haushi nake ji, gari ana ta jana'iza, tsohuwa tana tsince-tsince. Raƙumi ya yi gemu, ya yi fukafukai. Na ce ina aka taɓa ganin raƙumi da fiffike? Ta ce, "Naka ne? Bar shi ya sa mashi har ƙaho."

Wata hantsi Sule ya miƙa mata shi, ya ce, "Iya, na gama."

"Ƙarya kake, ja'iri! Ina wutsiya?"

Ta fita da sassarfa, ko mayafi babu, neman gashin jelar jaki. Kafin ta dawo ya cika.

Sai da na girma na gane Iya ba ta da hatsi, ba ta da magani, da tarkacen nan take riƙe jikanta. Har yau abin yana ci mani rai. Na koyar da aikin hannu a wata firamare a Safana, hedimasta yana mitar na mai da aji juji. Duk abin da yaro ya kwaso, na bar shi ya liƙa. Har na yi ritaya ban taɓa tambayar wani yaro ko ya gama ba.