Makullai Biyu da Sunan Sista Rifkatu

A shekarar da mutanen Mubi suka cika Yola da gudun hijira na yi wannan tafiya. Ba ta da nisa, amma ran wani ya rataya a kanta.

Lokacin ina taimaka wa wata 'yar ƙungiya da ke sada waɗanda suka rabu da danginsu. Abokiyar aikina Sista Rifkatu ce, nas daga Michika. Da imel mai kulle muke aiki. Kowa yana da makulli biyu, ɗaya yana ba jama'a su kulle masa saƙo da shi, ɗaya yana ɓoye a na'urarsa, da shi yake buɗewa, da shi yake sa hannu. Makullin Sista na san shi, don gaba da gaba muka tabbatar da shi tun kafin tashin hankali.

A gidana akwai Buba, magidanci da ya kuɓuto daga daji bayan an tafi da shi da ƙarfi. Waɗanda ya guje wa suna nemansa, shi kuma uwarsa yake nema. Ana nan sai saƙo biyu suka shigo da sunan Sista. Na farko da tsohon makullin da na sani, yana tambayar sunayen waɗanda suka kuɓuto da inda suka sauka. Na biyu da sabon makullin da ban taɓa gani ba, yana cewa kada in ƙara amfani da tsohon. Lambar wayarta ba ta shiga. Sakataren ƙungiya, wanda ke kirana Modibbo, wato Malam da Fulatanci, ya ce, "Modibbo, ka bi wanda ka sani mana." Na ce sai na ga fuskarta.

Yola

Kowane makulli yana da lambar shaida, haruffa da lambobi arba'in. Ban rubuta ta sabon makullin a takarda ba. A kwanakin nan ko takardar ajami aka gani a aljihunka a shingen sojoji sai ka yi dogon bayani, balle jerin lambobi. Sai na haddace ta huɗu-huɗu, yadda muke yi wa allo.

Bayan sallar asuba na fito. Buba ya rako ni bakin zaure, bai yarda ya leƙa waje ba. Ya ce mini, "Bappa, in ka ga Sista, ka ce sunan inna Dudu. Tana ɗingishi da ƙafar hagu."

Na hau Keke Napep zuwa Jimeta. A shingen farko aka sauke mu, muka wuce a ƙafa, hannuwa sama. Soja ya ɗaga hulata ya leƙa ciki, ya mayar mini ita a karkace.

Luggere

An ce mini Sista ta sauka a gidan ƙanin mijinta. Na tarar da gidan cike, tabarmi har bakin rijiya. Matar gidan ta dube ni sama da ƙasa.

"Wa ya ce maka tana nan?"

Na faɗi sunana da aikina. Ta ce suna ba wuya. Ta tambaye ni sunan ɗan farin Sista, na faɗa. Ta tambayi abin da ya same shi a hannu, na ce ƙunar tafasasshen ruwa. Sai ta sa aka kawo mini kunun gyaɗa da ƙosai, ta ce in nemi Namtari, gonar fastonsu. Ban ji haushi ba. Abin da ya fito da ni ke nan ita ma take yi, tabbatarwa kafin yarda.

Jambutu

A tasha na samu tsohuwar motar da ke bin hanyar Numan. Mun daɗe kafin ta cika, kuɗin mota kuma ya haura abin da na sani. Direban ya ga leɓena yana motsi, ina maimaita lambar da na haddace.

"Malam, ka sa da tayar baya a addu'ar, ita ce ba ta da lafiya."

Na ce masa ba addu'a nake ba, amma zan sa ta. Muka wuce shinge biyu. A na biyun aka sauke buhunan masarar wata mata, aka soka su ɗaya bayan ɗaya, tana tsaye tana faɗa da Fulatanci.

Namtari

Rana ta take na sauka. Na bi hanyar gona har na hango ta ƙarƙashin mangwaro tana wanke wa wani tsoho gyambo. Ta rame ƙwarai.

"Modibbo! Da ƙafarka? Wa ya mutu?"

"Ba kowa, Sista. Makullinki na zo gani."

Na gaya mata saƙonnin biyu. Ta ajiye audugar hannunta. Ta ce ranar da suka gudu, kwamfutarta tana kan tebur a asibiti, kalmar sirrin makullin kuma tana manne a ƙarƙashinta. Wayarta ma a can ta bar ta. Tun daga ranar ba ta taɓa tsohon makullin ba.

"Ka amsa musu?"

"Ban amsa ba."

Ta ce, "Yesu na gode," ta zauna a kan turmi.

Duk da haka ban ɗauka cewa sabon nata ne ba sai mun gwada. Ta ɗauko kwamfutar aro daga ɗakin fasto. Muka yi yadda ake yi in an gama kwafar littafi, ɗaya yana karantawa, ɗaya yana bin asali da yatsa. Na karanto daga ka, tana bi. A tsakiya ta ce in maimaita wani gungu, na maimaita. Har ƙarshe ba harafin da ya saɓa. Sai ta ce, "Saura naka. Ni ma ban san wa ke rubuto mini da sunanka ba." Muka gwada nawa makullin haka nan.

Maganar Buba da baki na faɗa mata, a hankali, bayan tsohon mai gyambo ya tafi. Ta ce washegari za ta bi motar magani zuwa Gombi, akwai tsofaffi mata da yawa a can. Abin da ta gani za ta rubuto. In saƙo ya zo ba da wannan makulli ba, ko me ya ce, kada in fitar da Buba daga gida.

Komawa

Na yi la'asar a Jambutu, na isa Yola kafin dokar hana fita. A ranar na sanar da sauran abokan aiki su daina kulle saƙo da tsohon makullin. Mai riƙe da shi ya sake rubutowa sau biyu. Na ƙarshen ya ce an ga uwar wani a wata tasha, a kawo ɗanta. Ban nuna wa Buba ba.

Bayan kwanaki saƙon Sista ya zo, sa hannun ya yi daidai. Ta samu Dudu a wata makarantar firamare a Gombi, tana raye, tana tambayar ɗanta. Ta faɗi motar da za a sa Buba da sunan direban. Na karanta masa. Ya ce, "Bappa, ka tabbata ita ce?" Na ce na tabbata.

Da safe na kai shi tasha da kaina, na tsaya har motar ta tashi. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni, ya kuma kai Buba wurin uwarsa.