Tsamiya a Bayana

Filin da muke buga ƙwallo a kolej ɗin Madawa ba shi da raga. Itace biyu na dogon yaro aka kafa, aka gicciya na uku a kansu, shi ke nan gida. Daga tsakiyar gidan, ruwan damina ya zaizaye wata ƴar hanya mai santsi, ta gangara har gindin wata tsohuwar tsamiya. Ƙwallon da ta baude gefe, ciyawa ke tare ta. Wadda ta shiga gida kuwa, wannan hanya take bi, kamar an kira ta.

Ni ce mai tsaron gidan, kuma ba ni na zaɓa ba.

Shekarata ta biyu a kolej aka kawo mana wata malama matashiya daga Yamai, Madam muke ce mata. Ita ta roƙi darakta ya ba ƴan mata ƙwallo guda da rabin fili. Maza suka riƙe rabin da ke kusa da azuzuwa, aka bar mana na gangare. Ranar farko ta sa mu gudu, na zo ta ƙarshe, don na tsaya kallon balbelu suna komawa fadama.

"Ke mai mafarki," in ji ta, "tunda ƙafa ta ƙi, hannu zai yi. Tsaya nan. In ƙwallo ta wuce ki, ke za ki ɗauko ta."

Madam baƙuwa ce, a wurinta tsamiya itace ce mai inuwa. Ni kuwa na taso a ƙauyenmu kusa da Sabon Gida ina kallon fuskar goggona. Tana budurwa ta shiga gindin wata tsamiya da almuru tsintar ƴaƴa, washegari ta tashi bakinta ya karkace zuwa kunne, ido guda ba ya rufuwa. An kai ta asibitin mishan, suka ce ciwon jijiya ne. A gida kuwa kowa ya san Doguwa ce ta mare ta, iskar nan da ke zama a tsamiya, wadda ba a son ambaton sunanta in rana ta yi sanyi. Goggo tana da kirki, tana da dariya, amma in ta sha ruwa sai ta tare gefen bakinta da hannu. Wannan hannu nake gani duk lokacin da na juya wa tsamiyar Madawa baya.

Kwanakin farko ba mu iya komai ba. Duka muke bin ƙwallo wuri guda kamar kaji an watsa musu tsaba, zane na kwancewa, ƙarangiya na shiga tafin ƙafa, maza na kan katanga suna dariya. Ni kuma ƙwallon kanta tsoro take ba ni, in ta taso sai in rufe ido. Amma da na ji ta wuce, sai in juya in bi ta da gudun da Madam ta ce ba ni da shi, in faɗa kanta kafin ta kai bakin inuwa. Gwiwoyina ba su taɓa warkewa ba a wannan lokaci.

A hankali na lura da wani abu. Zafin ƙwallo a ƙirji yana wucewa kafin a kira magariba, bakin goggo kuwa bai koma ba. Sai na daina rufe ido. Na koyi kallon ƙafar mai bugu maimakon fuskarta, na koyi fitowa in tare ta tun ba ta shirya ba, na koyi faɗuwa a kan kafaɗa. Sauran ma suna ta canzawa. Muka ɗinka dogayen wanduna, muka riƙa ɗaure zane a kansu iya gwiwa. Shugabarmu, ɗiyar wani mai noman albasa, wadda da take tafiya da ƙwallo ita kaɗai har ta ɓace mata, ta fara ɗaga kai tana neman ƴar'uwa. Kafin sanyi ya wuce, maza sun rage dariya.

Madam tana nuna ni tana cewa, "Ku dubi wannan, ba ta tsoron komai."

Wasanmu na farko da baƙi a Buza aka yi. Muka hau kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, muna waƙa, muka haura wani tudu mai jan dutse. Filinsu shimfiɗaɗɗe ne, bayan gida babu komai sai sarari da wata akuya tana tuƙa. Na tsaya na ji bayana wayam, zuciyata ta yi sanyi, har na fara kallon yadda haske ke kwanciya a kan duwatsu. Ƙwallo ta wuce ni, ta sake wucewa, yara na ɗauko mini ita suna murna.

Da aka tafi hutun rabin lokaci shugabarmu ta zo ta riƙe ƙugu.

"Ke, hannuwan naki Madawa kika baro su?"

"Ban sani ba."

"Ni na sani. Ko sai mun tumɓuko miki tsamiyar mun aza a kamiyo?"

Na dube ta a firgice. Ashe ta daɗe da ganewa.

"Kada ki gaya ma Madam."

"Mi zan ce mata? In ce mai tsaron gidanmu ba ta aiki sai da mai gadi a bayanta?"

Ta yi dariya ta ja ni muka koma fili. An ci mu sosai a ranar. A hanyar dawowa ba wadda ta yi waƙa.

Wasan ƙarshe da ƴan matan Keita ne, a filinmu, cikin bazara. Motarsu ta lalace a hanya, ba su iso ba sai da la'asar ta yi nisa. Aka ba mu filin duka, mutanen gari suka kewaye shi, har da mata masu tallar ƙosai. A rabin farko ina gefen azuzuwa, ba a ci kowa ba. Da aka juya, na koma wurina na kullum, rana ta riga ta yi ja, inuwar tsamiya ta miƙo har tana taɓa dugadugaina.

A cikin ƴan Keita akwai wata mai jan kallabi, ta fi kowa tsawo a filin, ita ce mai ci musu. Sau da yawa na tare ta. Ban taɓa tsare gida kamar wannan yamma ba, don kowace ƙwallo da ta taso, ina jin iskar tsamiya a ƙeyata. Can aka bugo daga kusurwa, na yi tsalle na cafe, mai jan kallabi ta wuce ni da gudu ta faɗa ciyawa a bayan gida. Na manta da ita. Na ajiye ƙwallo a ƙasa zan buga.

Sai muryar shugabarmu ta tsaga filin.

"Doguwa! Doguwa na bayanki!"

Ban san lokacin da ƙafafuna suka ɗauke ni ba. Na ji kaina ina ihu, na dafe kumatuna da hannu biyu, ina gudu zuwa tsakiyar fili. Da na waiga, sai na ga mai jan kallabi ta zagayo a natse, ta tura ƙwallo cikin gidan da ba kowa. Ƙwallon ta hau ƴar hanyar nan, ta gangara, ta gangara, ta shige duhun gindin tsamiya.

Fili ya kaure da dariya. Shugabarmu, da doguwar yarinyar take nufi, ta rufe baki da hannu, ta gane abin da ta faɗa. Madam kuwa ba ta gane komai ba.

"Maza ɗauko, rana na faɗuwa!"

Ƙwallon ke nan guda, babu wata. Dariya ta lafa, don ƴan gari sun ga inda ta shiga, sun kuma ga lokaci. Ba yaron da ya motsa. Wata tsohuwa mai ƙosai ta ce, "A bar ta sai da safe mana." Amma ƴan Keita sun yi doguwar tafiya, ƴan'uwana kuma duk ni suke kallo, da ƙura a fuskokinsu da wandunan da muka ɗinka tare.

Na bi hanyar. Ƙasa tana da ɗumi, sai na ji ta yi sanyi a tafin ƙafata, na san na shiga inuwa. Na yi bisimilla, sannan na ce da ƙaramar murya, "Salamu alaikum, masu gida. Gafara dai. Kayanmu na zo ɗauka."

Wurin yana warin jemage da tsami. Busassun ƴaƴan tsamiya suna karyewa a ƙarƙashina, kowace ƙara sai na ji kamar tafin hannu ne ya taso. Ƙwallon tana kwance tsakanin saiwoyi biyu, kusa da wata fasasshiyar ƙwarya da ban so in san wanda ya ajiye ta ba. Wani abu ya motsa a sama cikin rassa. Ban ɗaga kai ba. Na durƙusa na rungumi ƙwallon, na fito da baya da baya, ina cewa na gode, na gode.

Shugabarmu na tsaye a bakin inuwa, idonta ya cika da hawaye.

"Dube ni," na ce. "Bakina daidai yake?"

"Yi murmushi in gani."

Na gwada.

"Mummuna dai kamar kullum," ta ce, ta karɓi ƙwallon.

Aka ƙarasa wasan cikin ɗan hasken da ya rage. Ba mu rama ba, ba a kuma ƙara mana ba. Kwanaki bayan haka, da na farka, bakina nake fara shafawa kafin in yi salati.

Da aka ba da babban hutu na koma ƙauye. Ina taya goggo tsince wake a zaure na ba ta labarin duka. Ta saurara ba ta katse ni ba, sannan ta kama haɓata ta juya fuskata wajen haske, ta daɗe tana dubawa da idonta mai rufuwa da wanda ba ya rufuwa.

"Kin yi sallama da za ki shiga?"

"Na yi, Goggo."

Ta saki haɓata, ta jawo faifan wake gabanta.

"Ni ban yi ba," ta ce.